Shekaruna a kwalejin al'umma a Amurka, da abin da na so a faɗa mini tun ranar farko

Na sauka Girinsboro, a jihar Arewacin Karolina, a watan Oktoban 2016, ina da shekara 23, da jaka ɗaya, da takardar BAC ɗina, wato shaidar gama sakandare ta Nijar, a naɗe cikin leda. Daga Maraɗi nake. Cacar biza ce ta faɗa kaina, kuma kawuna, ƙanen Inna, wanda ya daɗe a garin, shi ya karɓe ni. Girinsboro gari ne da 'yan Nijar suka taru sosai, Hausawa da Zabarmawa, har mutum zai iya yin mako guda bai furta kalmar Turanci ba in ya ga dama. Wannan alheri ne ga baƙo, amma na ga waɗanda alherin ya kwantar da su, suka shekara goma harshensu bai buɗe ba.

Kafin in taso, Inna ta riƙe hannuna a zaure. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Babana, kuɗi za su zo su tafi. Ka dawo mini da karatu." Da wannan maganar na kwana na tashi tsawon shekara bakwai.

Sati uku da zuwana na samu aikin dare a wani katafaren sito, muna loda kwalaye a manyan motoci daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. A nan na fara jin labarin kwalejin al'umma daga bakin wani ɗan Ghana, Bahaushen Kumasi, da muke aiki tare. Ya ce makaranta ce ta gwamnati, ta shekara biyu, ba ta korar kowa daga bakin ƙofa, kuma kuɗinta bai kai rabin na jami'a ba. Da farko ban so ba. A kunnena kalmar kwaleji tana nufin makarantar da muka yi bayan firamare, kafin lise, wato babbar sakandare. Na ce a raina, ni da na ci BAC, har na leƙa jami'a shekara guda a Yamai, in koma kwaleji? Sai daga baya na gane cewa a Amurka wannan makaranta ce ta gaba da sakandare, kuma darussan shekara biyun farko na jami'a ake koyarwa a cikinta, ban da sana'o'i irin su aikin jinya, walda, gyaran mota, wutar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki. Tsohon tsari ne, ta farkonsu an buɗe ta a garin Joliyet na jihar Ilinoyi tun 1901. A jiharmu kaɗai akwai irinsu 58, ta yadda da wuya ka samu gundumar da ba ta da ɗaya a kusa.

Da zuciyata ta kwanta, sai kuma gaggawa ta kama ni. Na so in yi rajista a watan Janairun 2017, wata uku kacal da saukata. Na cike takardu, aka fitar mini da lissafi: darussa huɗu, kiredit 12 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi, da shi ake lissafin kuɗi), dala 3,216. Na kawo wa Kawu takardar da daddare yana cin tuwo. Ya duba, ya ajiye, ya ce, "Ɗana, wa ya aike ka? Ka bari ka cika shekara." Ni ban gane ba, na ɗauka rowa ce ko rashin son karatu. Ashe a jihar farashi biyu ne. Wanda ya zauna a cikinta wata 12 cur, da takardun zama na dindindin, ana ɗaukarsa ɗan jiha, yana biyan dala 76 kan kowane kiredit. Wanda bai cika ba, dala 268. Darussan nan huɗu da aka ce in biya 3,216, in na yi haƙuri, dala 912 ne. Kawu bai yi boko mai zurfi ba, amma ya ga yara da yawa sun faɗa wannan ramin. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba.

Ya ƙara mini da wata shawara da ta yi mini rana: in adana duk wata takarda mai ɗauke da sunana da adireshina da kwanan wata. Takardar albashi, ta haya, ta banki, lasisin tuƙi na jihar, takardar harajin da na cike. Ranar da aka zo tantance ko ni ɗan jiha ne, da su aka yi mini hukunci, ba da maganar baki ba.

Shekarar jiran ba ta tafi a banza ba. A cikin kwalejin akwai sashen karatun manya inda ake koyar da Turanci kyauta, ko sisi ba a biya. Ina tashi daga aiki ƙarfe shida, in yi sallah, in ɗan runtsa awa biyu, in hau bas zuwa aji. A ajin akwai wata tsohuwa 'yar Biyetnam, da magina 'yan Meziko, da 'yan Kwango, da 'yan Sudan, da wani likita daga Siriya da yaƙi ya koro. Wannan likitan ya kashe mini girman kai ba tare da ya ce uffan ba. Mutum ne da ya yi wa mutane tiyata, ga shi zaune a gefena yana maimaita sunayen ranakun mako da murya mai ƙarfi, yana rubutawa da kyau kamar ɗan aji ɗaya. Tun daga ranar ban sake jin kunyar ɗaga hannu in ce ban gane ba.

A cikin shekarar ne kuma wata makaranta mai zaman kanta ta samu lambata, ban san ta yaya ba. Kullum sai sun kira, murya mai daɗi, wai za su ba ni difloma cikin wata tara, aiki na jirana, kada in damu da kuɗi, akwai bashi. Na je har ofishinsu, aka ba ni lemo, aka zagaya da ni. Da na tambayi ko jami'ar gwamnati za ta karɓi darussan da na yi a wurinsu, sai aka shiga kewaye-kewaye. Na fito ban sa hannu ba. Wani abokina ya sa, kuma har yau yana biyan bashin takardar da ba ta kai shi ko'ina ba. Wannan tambaya ɗaya ita ce ma'auni, kuma ina roƙon duk mai niyyar shiga kowace makaranta a ƙasar nan ya yi ta kafin ya taɓa alƙalami.

Na fara karatu na sosai a Janairun 2018. Kafin nan sai da na aika takardun BAC ɗina ga ɗaya daga cikin kamfanonin da ke fassara da auna takardun ƙasashen waje, abin da ya ci kuɗi ya kuma ci makonni. Wanda yake gida yana shirin tahowa, ya karɓo takardun sakamakonsa na kowace shekara tun ƙafarsa tana can, domin neman su daga nesa wahala ce da ba ta da iyaka. Sai jarrabawar tantance mataki, wadda ba a faɗuwa, amma ita ke nuna ajin da za a sa ka. A lissafi na yi kyau, domin siri D, ɓangaren kimiyya, na yi a lise. A Turanci aka mayar da ni baya, aka ce sai na yi darussan share fage guda uku. Waɗannan ana biyan kuɗinsu kamar sauran, amma ba a ƙirga su cikin kiredit 60 da ake nema kafin a ba ka digirin shekara biyu. Da na san haka, da na zauna na yi shiri na sosai kafin jarrabawar, maimakon in shige ta da barci a idona bayan aikin dare.

Maganar kuɗi. Akwai fom ɗin gwamnatin tarayya da ake kira FAFSA, kyauta ake cike shi, kowace shekara. Mai girin kad, wato takardar zama na dindindin, yana da haƙƙin cikewa kamar ɗan ƙasa. Ta nan ake samun tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne, ba a mayarwa. A shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 iyakarsa dala 6,095 ne. Ban samu duka ba saboda ina da albashi, amma abin da aka ba ni ya rufe kuɗin makaranta har ya taɓa littattafai. A cikin takardar tayin kuma an jera bashin karatu a ƙasa, layi ɗaya da tallafin, wanda in ba ka lura ba sai ka karɓe su gaba ɗaya. Bashin yana da ruwa. Ni na ƙi shi, saboda addinina da kuma tsoron kaya a wuya, kuma arhar kwalejin ce ta ba ni damar ƙin. Ba na zargin wanda ya karɓa don larura, sai dai ya san abin da ya karɓa.

Yanzu ga inda na yi tuntuɓe, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Zangon farko na ci darussana uku, kiredit 9. Sai na ga kamar na gane hanya. A zango na biyu, kakar 2018, na ɗauki darussa biyar, kiredit 16, ga aikin dare awa 40 a mako, wani lokaci da ƙari, domin a daminar shekarar ɗakin Inna ya zube kuma ni ake kallo. Ban nemi shawarar kowa ba, da kaina na zaɓa a kwamfuta. Ba wanda ya hana ni, domin a wannan makaranta ba a hana ka. Ba a kiran suna a tsakar fili, ba mai zuwa gida ya tambayi dalilin da ba a gan ka ba. Malamai sukan ce duk awa ɗaya a aji tana neman awa biyu ta karatu a gida. Ban yi wannan lissafin ba. Zuwa tsakiyar Oktoba ina barci a aji, ina barci a bas har in wuce tashata, wata rana na kusa faɗowa daga kan dakalin lodi a wurin aiki. Taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa uku na cusa a baki. Na janye daga darussa biyu, na faɗi ɗaya, na tsira da kiredit 7.

A watan Disamba saƙo ya shigo daga ofishin tallafi: an sa ni a matakin gargaɗi. A ranar na fara sanin cewa tallafin yana da sharuɗɗa. Dole matsakaicin makinka ya kai 2.0 cikin 4, kuma dole ka ci kashi 67 cikin ɗari na duk kiredit ɗin da ka ɗauka. Darasin da ka janye daga shi ba ya ɓata maki, amma ana ƙirga shi cikin abin da ka ɗauka ba ka gama ba. Ni na ɗauki 25, na ci 16, kashi 64 ke nan. Zango ɗaya aka ba ni in gyara, in ba haka ba tallafi ya tsaya. Na zauna a motar Kawu a bakin masallaci bayan isha'i na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ba don kuɗin ba. Maganar Inna ce ta dawo mini.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Gobe ka je ka same su ido da ido. Zuwa da kai ya fi aike." Na je. Matar da aka haɗa ni da ita, mai ba ɗalibai shawara, ta ba ni kusan awa guda. Tambayar farko da ta yi mini ita ce me nake so in zama. Na ce injiniyan lantarki. Ta juya allon kwamfutarta ta nuna mini cewa ba a kan wannan hanyar nake ba sam. Lokacin cike fom na ga wani kwas mai sunan fasahar kwamfuta, sunan ya burge ni, na zaɓa. Ashe digirin shekara biyu iri-iri ne. Akwai wanda aka tsara don ka gama ka shiga aiki kai tsaye, da yawan darussansa ba sa bin ka zuwa jami'a. Akwai kuma wanda aka tsara musamman don ƙaura zuwa jami'a. A jiharmu akwai yarjejeniya a rubuce tsakanin kwalejojin nan 58 da jami'o'in gwamnati 16, wadda ta jera darussan da za a karɓa in ka ci su da makin C ko sama. Wanda ya gama digirin ƙaura, in jami'a ta ɗauke shi, yana shiga a matsayin ɗan aji uku. Duk wannan yana nan a rubuce, a fili, ni ne ban san in tambaya ba. Darussa biyu da na sha wahala a kansu suka tafi haka nan.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, hanyar sana'a ba ƙasƙantacciya ba ce. Na san wata baiwar Allah daga Damagaram, uwar 'ya'ya huɗu, da ta fara da gajeren kwas na taimakon masu jinya, ta yi aiki, ta dawo ta yi digirin jinya na shekara biyu, ta ci jarrabawar lasisi, yau ma'aikaciyar jinya ce a asibiti kuma ita ke riƙe da gidansu. Sai dai shiga kwalejin daban, shiga sashen jinya daban: kujerun kaɗan ne, ana tacewa da maki, ita ma sai a karo na biyu aka ɗauke ta. Abin da nake cewa shi ne mutum ya san wace mota ya hau kafin ta tashi.

Daga ranar muka zana taswira, ni da matar nan, zango bayan zango har zuwa ƙarshe, a takarda ɗaya da na manna a bangon ɗakina. Na rage aiki zuwa kwana huɗu. Na kira Inna na gaya mata abin da zan riƙa aikowa zai ragu na ɗan lokaci. Wannan kiran ya fi kowace jarrabawa nauyi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Babana, da can da me muke ci? Allah ya yi maka albarka." Zangon gargaɗi na ɗauki darussa uku kawai, na ci duka, na fita.

Sai na fara ganin abubuwan da suke gabana tun farko ban gani ba. Akwai ɗakin da ake taimaka wa ɗalibai da lissafi da rubutu kyauta, na mayar da shi gidana na biyu. Kowane malami yana da sa'o'in da yake zama a ofis don ɗalibai, kuma sau da yawa ba mai zuwa. Mu da muka taso muna tsoron mushe, wato malamin makaranta, ƙwanƙwasa ƙofar malami abu ne mai nauyi, amma a nan suna jin daɗin ka zo. Malamin lissafina ne ya lura cewa ina rasa maki ba don ban iya ba, sai don ina sa waƙafi inda su suke sa ɗigo a lamba, kuma ɗayana na hannu yana kama da bakwai ɗinsu. Ajinmu bai wuce mutum ashirin da 'yan kai ba, ya san sunan kowa. Littattafai kuwa, wani ɗaya yakan haura dala ɗari biyu, sai na koyi jiran ranar farko in tambayi malami ko tsohon bugu zai yi, ko in karanta na laburare. Takardar tsarin darasi da ake rabawa ranar farko, a cikinta ake rubuta ranar ƙarshe ta janyewa da yawan fashin da za a yafe, na koyi karanta ta kamar takardar haya.

Abu ɗaya da ya kamata 'yan uwana su kiyaye shi ne kwafe. A gida mun saba da hadda, ka mayar wa malami abin da ke cikin littafi kalma da kalma a yaba maka. A nan in ka ɗauko jimlar wani ba ka faɗi mai ita ba, sata ce, tana iya jawo maka sifili ko kora. Malamar rubutu ta kira ni gefe a kan aikina na farko, ta yi mini bayani a hankali, ta ba ni dama in sake. Ba kowa ke samun wannan sassaucin ba.

Sallah ba ta taɓa gagarata ba. Da yawan darussa Litinin da Laraba ne, ko Talata da Alhamis, don haka in ka yi rajista da wuri za ka tsare Juma'arka. Azahar nakan yi ta a wani lungu na laburare, kuma ba wanda ya taɓa ce mini don me. Azumin 2019 ya kama daidai da jarrabawar ƙarshen zango a watan Mayu, na rubuta ta da ƙishi, Allah ya dafa. A Maris ɗin 2020 annobar korona ta mayar da komai kan intanet, na yi kimiyyar fiziks a teburin cin abincin Kawu, yaransa na wasa a ƙarƙashi.

Na gama a Mayun 2021. Digirin da ake kira na shekara biyu ya ɗauke ni uku da rabi, kuma yawancin waɗanda muka yi tare, masu aiki da iyali, haka ya ɗauke su. A watan Agusta na shiga jami'ar A&T da ke nan cikin Girinsboro, wadda aka kafa a 1891 don baƙaƙen fata, wadda ɗalibanta huɗu suka zauna a kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairun 1960 suka ƙi tashi sai an ba su abinci kamar kowa. Nakan wuce ta gaban mutum-mutuminsu in tuna cewa kujerar da nake zaune a kai wasu ne suka sha wuya kafin ta samu. A can ne tuntuɓen 2018 ya sake biyo ni: tallafin Pell yana da iyaka a rayuwar mutum, kwatankwacin zango 12 na cikakken ɗalibi, kuma darussan share fage da waɗanda na zubar duk sun ci daga ciki. Zangona na ƙarshe da guminna na cika kuɗin. Na karɓi digirin injiniya a Disamban 2023.

Samari da yawa daga gida suna rubuto mini suna tambayar yadda za su zo kwalejin al'umma da bizar ɗalibi. Ina gaya musu gaskiya: labarina ba nasu ba ne. Mai bizar ɗalibi yana biyan farashin baƙo har ya gama, ba shi da Pell, dole ya ɗauki kiredit 12 kowane zango, aikin da aka yarda masa na cikin makaranta ne kuma bai wuce awa 20 a mako ba, sannan sai ya nuna kuɗin shekara guda a banki kafin a ba shi takardar neman biza. Yawancin kwalejojin ba su da ɗakin kwanan ɗalibai, haya da mota suna wuyanka. Duk da haka ta fi jami'a sauƙi, amma kada a sayar da gonar gado a kan zaton yaro zai riƙe kansa da aiki in ya iso.

Watan jiya Kawu ya kira ni, wai wani yaro ya sauka daga Tasawa, ɗan abokinsa, yana ta ɗokin makaranta. Na ɗauke shi ranar Talata da safe muka je sashen karatun manya, na tsaya a bayansa har ya rubuta sunansa da kansa. A hanyar dawowa muka tsaya na saya masa jakar takardu mai aljihu-aljihu, na ce duk takardar da ta zo da sunansa ya jefa a ciki. Ya tambaye ni, "Yaya, to yaushe zan fara na gaske?" Na tambaye shi ranar da ya sauka, muka ƙirga wata 12 tare, na rubuta ranar a wayata da tasa.